FILIN MATUƘA: Iska Ke Ɗaukar Kaya, Bawul Ke Tsaron Ƙofa

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar nan da ta tashi daga Ikko, ta bi ta Ibadan da Ilori, ta haye kogin Kwara a Jabba, ta ratsa Makwa da Tegina har ta dangana da Kaduna da Kano, ba zai rasa ganin guntayen baƙar taya warwatse a gefen titi ba, wasu kamar an tsaga su da wuƙa, wasu kuma wayoyin cikinsu sun yi cirko-cirko. Kowane guntu daga cikinsu shaida ce ta wata taya da ta fashe a ƙarƙashin kaya. Wani lokaci abin ya kan tsaya a kan hasarar kuɗi da kwanan daji, wani lokaci kuwa tirela ce ta kan kife da buhunan hatsi ko shanu, da mutanen da suka hau bisa kayan, ko kuwa tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a tsakiyar gari.

In aka zauna da direbobi a Ogere, ko Tafa, ko Mararrabar Jos, aka tambaye su abin da ke fasa taya, amsa uku za a ji, watau zafin kwalta, da ramukan hanya, da taya 'yar gwanjo. Babu ƙarya a cikin ko ɗaya. Amma akwai abu na huɗu wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa shi ne ya fi sauƙin magani, shi ne kuma ke hannun direba da maigidansa ba sai an jira gwamnati ba. Wannan abu shi ne yawan iskar da ke cikin taya, da ɗan bawul ɗin nan da ke tsare da ita, wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba, kuɗinsa kuma ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin tayar tirela.

ABIN DA KE TALLAFE DA NAUYI

Tun shekarar 1888 da wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya ƙera taya mai iska a birnin Belfast domin keken ɗansa, asalin hikimar bai sake ba. Roba da wayoyin ƙarfen da ke jikin taya aikinsu shi ne su tsare iska, su kuma kama ƙasa. Iskar da aka matse a ciki ita ce ke tallafe da nauyin mota da kayanta. Saboda haka maƙeran taya ba su kan rubuta yawan kayan da taya za ta ɗauka shi kaɗai ba, su kan haɗa shi da yawan iskar da za ta sha kafin ta iya ɗaukarsa.

A kan auna wannan iska da fam a kan kowane inci murabba'i, wanda a ke taƙaitawa da PSI a jikin taya, shi ne kuma masu faci ke nufi in sun ce an ba taya arba'in ko ɗari da goma. Wasu tayoyin da ma'aunin ba a ke rubuta nasu, kowane ba ɗaya kuwa fam 14 da rabi ne. Wasu kuma kPa ne a jikinsu, inda kPa 100 ke daidai da ba ɗaya. Ke nan tayar da aka rubuta wa kPa 850 tana nufin ba 8 da rabi, watau fam 123.

A ɗauki tayar nan ta manyan motoci mai lamba 315/80R22.5, wadda galibi a kan ga 156/150 a bayan lambarta. Ma'anar 156 ita ce in tayar tana tsaye ita kaɗai za ta ɗauki kilo 4,000, ma'anar 150 kuwa ita ce in an jera su biyu-biyu kowace za ta ɗauki kilo 3,350. Amma fa wannan alkawari sharaɗinsa shi ne a ba ta cikakkiyar iskarta, wadda ke tsakanin fam 120 da 130 gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta. In iska ta ragu, kayan da tayar za ta iya ɗauka su ma sun ragu, ko da kuwa sabuwa ce fil daga kanti.

Abin da ke faruwa a cikin taya mai ƙarancin iska kowa ya san irinsa. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙewa, yana lanƙwasawa yana miƙewa, ya san za ta yi zafi a hannunsa kafin ta karye. To, haka gefen taya ya ke. Duk juyawa ɗaya sai ya lotsa inda ya taɓa ƙasa, sa'an nan ya miƙe, kuma tayar tirela ta kan juya sau ɗari uku da 'yan kai a kowace kilomita. In iska ta cika, lotsawar kaɗan ce. In ta ragu sai lotsawar ta yi yawa, zafi ya taru, roba ta fara rabuwa da wayoyin cikinta, har ranar da bayan tayar zai ɓare, ko gefenta ya tsage da ƙara kamar ta bindiga. Zafin kwalta ƙari ne kawai a kan wutar da tayar ta riga ta hura wa kanta.

Iska in ta yi yawa ita ma tana da nata aibi. Tayar ta kan yi tauri, tsakiyarta ta cinye kafin gefe, kamun ƙasarta ya ragu, bakin rami kuma ya fi saurin yanka ta. Haka nan ƙara iska ba ya halatta ƙara lodi. Mai motar da ya ɗora wa taya tan 5 alhali tan 4 aka yi ta dominsa, ya ce a ƙara mata fam 20 ta jure, ya haɗa laifi biyu ne wuri ɗaya, garin neman ƙiba ya samo rama.

LOKACIN AWO

Duk lambar iska da aka rubuta a jikin taya ko a littafin mota, ta taya mai sanyi ce, watau wadda ta huta aƙalla awa uku, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Dalili kuwa shi ne iska tana kumbura da zafi. A tayar tirela, duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Salsiyos ya kan ƙara kimanin fam 4. Tayar da aka ba fam 110 da asubar hunturu a Kano, sanyi yana digiri 15, in rana ta take zafi ya kai digiri 35, za a same ta wajen fam 119 ko da motar ba ta motsa ba. In kuwa ta yi tafiya da kaya, ƙarin fam 10 zuwa 15 ba abin tsoro ba ne, maƙera sun riga sun sa shi cikin lissafi.

A nan ne wata al'ada ta shigo wadda ta ci tayoyi masu yawa. Direba ya tsaya da azahar, ya taɓa taya ya ji ta kamar garwashi, sai ya sa yaron mota ya danna bawul a rage iska, wai kada ta fashe. Niyya mai kyau ce, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A ce an ba tayar fam 110 da safe, da rana ta kai 125, aka rage ta zuwa 110. In gari ya waye ta huce, fam 97 za a tarar a ciki. Da wannan ƙarancin za ta shiga hanya, ta fi jiya lotsawa, ta fi jiya zafi, direba kuma ya sake ragewa. Maganin taya mai zafi shi ne a tsaya a inuwa ta huce da kanta, a rage gudu, a duba ko birki ne ke kamawa. Ba a rage mata iska, ba a kuma kwara mata ruwa a ce an gama.

Har ila yau, taya ko ba ta da huji ta kan yi hasarar fam ɗaya zuwa uku a wata, domin iska tana silalewa ta jikin roba. Bugun taya da sanda ko sifana da yaran mota ke yi yana iya nuna wadda ta sace sarai, amma kunne ba ya rarrabe fam 110 da fam 95. Wannan aikin ma'auni ne. Ma'aunin ma sai mai kyau, wanda ya kai fam 150 ko fiye, domin na ƙananan motoci da yawa a fam 50 ko 60 ya ke tsayawa, na bakin titi kuwa wanda ya sha faɗuwa a ƙasa ba a rantsuwa a kansa.

Tayoyin da a ke jerawa biyu-biyu suna da tasu matsala. Wadda ta fi iska ta fi tsawo, saboda haka ita ke ɗaukar mafi yawan kaya, ta kuma fi zafi. Wadda ta gaza kuwa da ya ke an ɗaure su tare dole ta juya daidai da 'yar'uwarta, sai ta riƙa gogar ƙasa tana cinyewa. Ta ciki ce a kan manta da ita, domin bawul ɗinta yana ɓoye, hannu ba ya kai wa gare shi da sauƙi. Sau da yawa ta waje ce ke fashewa, a yi ta zaginta, alhali kuwa kwana da kwanaki tana ɗauke da kayan mutum biyu.

BAWUL IRI UKU

Bawul ɗin da ke jikin kusan kowace mota a duniya a yau na gidan August Schrader ne, wani Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa birnin New York, wanda aka yi wa ƙirarsa rajista a shekarar 1893. Sassansa uku ne. Akwai jiki, wanda ke zaune a hujin rim, watau ƙarfen da a ke sa taya a kansa. Akwai ɗan tsinken ciki mai sifirin, wanda ke buɗewa in an danna shi. Akwai kuma murfi. Bakin bawul ɗin ƙaramar mota da na tirela girmansu ɗaya ne, famfo ɗaya ke ba su iska, murfi ɗaya ke rufe su. Wannan kamanni shi ke yaudarar mutane su ɗauka bawul duk bawul ne. Bambancin yana gindi, inda ya kama rim.

A taya marar tiyub, iri na farko shi ne na roba zalla wanda a ke jawowa ta hujin rim har ya zauna daram. Wanda ya fi yawa a cikinsu lambarsa TR413, haruffan kuwa na ƙungiyar maƙeran taya da rim ce ta Amurka wadda aka kafa a 1903. Iyakarsa fam 65. Babu abin da ke riƙe shi sai kumburin robar gindinsa. Hujin da ya ke zaune a ciki faɗinsa milimita 11 da rabi ne, kuma in aka yi lissafi, iska mai fam 65 tana tura shi waje da ƙarfin da ya kusa kilo 5, mai fam 110 kuwa da ƙarfin kilo 8, dare da rana, cikin zafi da girgiza.

Iri na biyu shi ma jawo shi a ke yi, amma jikinsa na tagulla ne, gindinsa kuma roba ce mai kauri. Wanda aka fi sani shi ne TR600HP, wanda aka yi domin fam 80. Iri na uku ƙarfe ne gaba ɗaya, a kan zura shi ta cikin rim da 'yar robar toshi a gindinsa, sa'an nan a ɗaure shi da noti daga waje. Irin wannan ya kan jure fam 130, wasu har 200, shi ne kuma ya dace da tirela da tanka da duk tayar da iskarta ta haura fam 80. Ko a cikinsa akwai zaɓi, domin hujin rim ba girma ɗaya ba ne, akwai na milimita 11 da rabi, akwai na kusan 16, rim ɗin alminiyon na manyan motoci kuma nasa ya fi ƙanƙanta, kuma ba ya shiri da tagulla tsirara, sai wadda aka yi wa rufin farin ƙarfe, in ba haka ba tsatsa ta ci bakin hujin.

DARASI DAGA AMURKA

Babu inda aka fi cece-kuce a kan wannan magana kamar Amurka, a tsakanin masu tirelar tafi-da-gidanka. Wannan wani ɗaki ne mai ƙafafu, da gado da madafa da makewayi a ciki, wanda iyali kan ɗaura wa mota a baya su tafi yawon hutu. Yawancinsu a yankin Elkhart na Jihar Indiyana a ke ƙera su, manyan kuwa su kan kai tan 5 zuwa 7, duk a kan tayoyi huɗu. Tayoyinsu na musamman ne, lambarsu tana farawa da ST, an kuma raba su aji-aji da haruffa. Ajin C iskarsa fam 50 ce, ajin D fam 65, ajin E fam 80, ajin G kuwa fam 110. Taya mai inci 16 ta ajin E tana ɗaukar kimanin kilo 1,550, ta ajin G kuwa ta kan kusa tan 2.

Abin da ya sha faruwa da su shi ne, mutum ya gaji da fashewar taya, sai ya sayi masu ƙarfi, ya tashi daga ajin D zuwa E, ko daga E zuwa G, ya ba su iskar da ta dace da sabon ajin, amma mai sa tayar ya mayar masa da bawul ɗin roba na fam 65, domin shi ne ke cike da akwatinsa. Sai a wayi gari tayar da aka saya da tsada ta sace a tsakiyar hanya, ba ƙusa ba, ba rami ba, gindin bawul ne ya tsage. Wasu kuma su kan ɗaura wata 'yar na'ura a bakin bawul mai sanar da direba yawan iska tun yana kan sitiyari. Na'urar tana da amfani ƙwarai, amma nauyinta ya kan riƙa lanƙwasa bawul ɗin roba a duk juyawa har ya karya shi, shi ya sa a ke ba da shawarar a haɗa ta da na ƙarfe. Daga baya kuma suka gane cewa shi kansa rim yana da iyakar iska da ta kaya, wadda a kan buga a jikinsa, kuma rim ɗin da aka yi domin fam 80 ba ya zama na 110 don an sa masa sabuwar taya.

Ingancin robar ma abin dubawa ne. A shekarar 2008 an janye bawul ɗin roba kimanin miliyan 6 daga kasuwar Amurka, waɗanda aka ƙera a ƙasar Sin a 2006, saboda an tarar suna tsattsagewa tun ba su tsufa ba. Kafin wannan, a watan Agusta na 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6 da rabi bayan haɗurran da suka ci rayuka fiye da 200, galibi a motocin Ford Explorer, kuma cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai har da yawan iska, ɗaya ya ce fam 26, ɗaya ya ce 30. Wannan ne ya sa majalisar ƙasar ta yi doka a shekarar, wadda ta kai ga tilasta sa na'urar lura da iska a duk sabuwar ƙaramar mota daga 2007. Tarayyar Turai kuma ta faɗaɗa irin wannan doka zuwa sababbin manyan motoci da tireloli daga watan Yuli na 2024.

HALIN DA A KE CIKI A GIDA

Nijeriya ba ta da yawan masu jan ɗakin kwana a bayan mota, amma tana da dubban motocin da iskarsu ta faɗa daidai wannan mataki. Bas ɗin haya mai ɗaukar mutum goma sha takwas, tayarsa mai lamba 195R15C tana ɗaukar kilo 950 ne a fam 65, watau daidai bakin iyakar bawul ɗin roba, babu rara ko ta fam ɗaya, ga kuma lodi bisa lodi. A-kori-kura da ƙananan motocin kaya su kan haura haka. Tireloli da tankoki kuwa da yawansu sun bar taya mai tiyub sun koma marar tiyub mai inci 22 da rabi, inda bawul ya zama abu mai zaman kansa da a ke saye dabam.

Bugu da ƙari, tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Ikeja a 2008, kasuwar taya ta koma hannun masu shigo da kaya, mai kyau da marar kyau duk a rumfa ɗaya. Mai saye ya kan tsaya ya yi ciniki a kan taya har gumi ya karyo masa, amma ba ya tambayar wane bawul aka sa masa. Sau da yawa ma tsohon a ke bari, wanda ya riga ya ci tayoyi biyu ko uku, robarsa ta bushe. Araha dai ba ta ado.

Ƙasar nan ta ga abin da fashewar taya ke yi. Ran 6 ga watan Maris na 2016 Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe. Bayan mako bakwai, likitoci shida daga Jihar Ekiti da ke kan hanyarsu ta zuwa taro a Sakkwato suka rasu a wannan hanya, su ma taya ce ta fashe. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tsananta wa'azi a kan taya a wannan shekara, ta kuma sha yin gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Gane shekarun ba shi da wuya, domin tun daga 2000 lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne mako da shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In wannan shi ne abin da ƙaramar mota ke yi, sai a ƙiyasta tanka mai lita 33,000.

Manyan motoci suna da wani abokin gaba na bawul wanda ƙanana ba su cika haɗuwa da shi ba, shi ne zafin birki. Direban da ya sauko Hawan Kibo da cikakken lodi yana taka birki maimakon ya sa babbar giya, zai iso ƙasa duram ɗinsa yana hayaƙi. Bawul ɗin tayar ciki kuwa dab da duram ya ke wucewa. Zafin ya kan ƙona 'yar robar da ke jikin tsinke da ta gindi, iska ta fara zurara a hankali. Domin haka ne a ke ƙera tsinke na musamman mai jure zafi, galibi mai jar roba, da murfin ƙarfe mai toshi a cikinsa. Murfi ba ado ba ne. Shi ne ke hana ƙura da laka shiga su danne tsinke, shi ne kuma ƙofa ta biyu in tsinke ya gaza. A taya mai tiyub kuma, inda bawul ke manne da tiyub, wajibi ne a tabbata ya fito ta tsakiyar tsagar rim a miƙe, ba ya gogar duram, ba a kuma ja shi a karkace ba.

RAN MAI FACI

Akwai wanda ya fi kowa shiga haɗari a wannan sha'ani, shi ne mai faci da yaransa. Fam 120 na nufin kilo 8 da 'yan kai a kan kowace santimita murabba'i, watau wuri mai faɗin tafin hannu a jikin taya yana ɗauke da fiye da kilo 800. Tayar da aka yi tafiya da ita da ƙarancin iska, wayoyin gefenta sun riga sun gaji ko da ido ba ya gani. In aka sa mata famfo, tana iya tsagewa a gefe lokaci ɗaya, iskar kuwa ta kan ɗaga mutum ta maka shi da bango. Rim mai zobe na taya mai tiyub shi ma in zoben bai zauna daidai ba ya kan fita kamar harsashi.

Ƙa'idar maƙera taya ita ce, duk tayar da aka tarar ta yi tafiya da kashi 80 cikin ɗari na iskarta ko ƙasa da haka, a ɗauke ta tamkar wadda ta sace. Ga tayar fam 110, wannan shi ne fam 88, ga ta fam 120 kuwa fam 96. Irin wannan ba a ƙara mata iska a jikin mota. A kan cire tsinke ta sace sarai, a kwance ta, a raba ta da rim a duba cikinta, sa'an nan a ba ta iska a cikin kejin ƙarfe, da doguwar tiyo, mai aikin yana tsaye ta wajen bayan tayar, ba ta gefenta ba. Kejin nan kowane mai walda yana iya haɗa shi da bututun ƙarfe mai kauri. Ya kamata ƙungiyoyin masu faci da na masu motocin haya su mai da shi sharaɗi a duk garejin da a ke taɓa tayar babbar mota.

ABIN DA YA KAMATA

Nauyin farko yana wuyan mai mota. Shi ne zai sayi ma'auni mai kyau ya ajiye a kowace mota, ya rubuta iskar gaba da ta baya da ta tirela da fenti a jikin bodi, yadda ko an sake direba ba sai an yi tambaya ba. Shi ne kuma zai kafa doka cewa duk sabuwar taya da sabon bawul za ta hau, na ƙarfe in iskar ta haura fam 80, a kuma sake robar gindin na ƙarfen duk sa'ad da aka kwance taya. Mai motar da ke ƙirga kowace lita ta man gas ya kamata ya sani cewa taya mai ƙarancin iska tana da nauyin ja, kuma injin ba ya jan ta kyauta.

Direba kuma aikinsa shi ne awo da sassafe kafin ya tashi, taya bayan taya, har da na ciki da sifiya. In bawul ɗin ciki ba ya kamuwa, a sa masa ƙarin tsawo mai maƙalli, a kuma jera tayoyin yadda bawul ɗin biyu za su fito ta tagogin rim, ɗaya daura da ɗaya. Ya ɗan lanƙwasa bawul ɗin roba da yatsa ya duba gindinsa, in ya ga tsaga a sake shi nan take. Ɗan miyau ko ruwan sabulu a bakin bawul ya isa ya tona asirin tsinken da ke zuba. Tirela mai taya 22 ba za ta ci masa fiye da sulusin awa ba, abin da bai kai zaman shan shayi ba.

In haɗari ya auku a kan ce tsautsayi ne, kuma lalle abin da Allah ya ƙaddara ba ya wuce ranarsa. Amma tayar da ta yi mako guda tana zurarar da iska ta bakin bawul marar murfi ta daɗe tana ba da sanarwa, sai dai ba a saurara ba. Ba a raina allura, ita ma ƙarfe ce. Mako mai zuwa filin nan zai duba birkin iska na manyan motoci da yadda a ke saukowa gangara da lodi. Kafin nan, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.